AUNA ƊAURIN BEL A INJINAN GONA KAFIN KAKA TA KAMA

Gabatarwa

Malam manomi, kusan duk injin da amfanin gonarka zai bi ta cikinsa, daga ranar girbi zuwa ranar kasuwa, da bel yake aiki. Injin sussukar shinkafa, da na masara, da na gurzar rogo, da na niƙa, da na gyaran shinkafa, duk bel ne ke ɗauko ƙarfi daga inji ya kai shi inda ake aikin. Tarakta ma bel ke juya mata fanka da famfon ruwa. Motar da za ta kwashe buhunan zuwa kasuwa kuwa, sau da yawa akwai wani bel mai haƙora ɓoye a gaban injinta, wanda makanikai ke kira taimin bel.

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, wannan magana ba baƙuwa ba ce. Matattarar injinan gyaran shinkafa ta garin tana cikin manya a ƙasar nan, kuma shanshera na shigo mata daga Doma da Awe da Keana da Obi, har da jihohin Binuwai da Taraba. Tsakanin 2011 da 2016 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta gudanar da shirin inganta sarrafa shinkafa bayan girbi a jihohin Nasarawa da Neja, inda aka horar da masu turara shinkafa da masu injina. To amma kowane irin inji aka kawo, sabo ko tsoho, aikinsa ba zai wuce abin da bel ɗinsa ya ba shi ba.

Abin da wannan bayani zai nuna maka shi ne, ɗaurin bel abu ne da ake aunawa da rula da sikeli, kamar yadda ake auna taki da iri. Aikin bai kai minti goma ba, kuma kayan awon ana samunsu a kowace kasuwa.

Me ya haɗa bel da amfanin gona?

Ana girbe shinkafa ne lokacin da danshin ƙwayarta ke tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, a busar da ita zuwa kamar kashi 14 kafin a kai ta inji. Idan aka yanka ta kwana da kwanaki a ƙasa tana jiran injin da ya lalace, ƙwaya na zuba, tsuntsaye da ɓeraye na ci, raɓar dare da zafin rana kuma suna tsattsaga ƙwayar, ta yadda za ta kakkarye wajen gyara. Rogo ya fi haka gaggawa, domin kwana biyu zuwa uku bayan an tone shi yake fara lalacewa. Saboda haka bel ɗin da ya tsinke a tsakiyar kaka, hasararsa ta fi kuɗin da za a sayi sabo.

Akwai kuma hasarar da ba a cika lura da ita ba, domin injin bai tsaya ba. Kowane injin sussuka yana da saurin juyin da aka ƙera shi a kai. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka faɗin fulin inji da juyinsa a minti ɗaya, sannan a raba da faɗin fulin da ake juyawa. A misali, idan fulin inji santimita 15 ne yana juyi 2,000 a minti, fulin gangar sussuka kuma santimita 50 ne, gangar za ta yi juyi 600 a minti. Lafiyayyen bel ba ya rage wannan da fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100. Amma idan ya yi sako-sako har yana zamewa da kashi 10, juyin ya koma 540 ke nan. Sakamakon haka ƙwaya za ta riƙa bin kara tana fita ba a sussuke ta ba, fanka ba za ta sheƙe ƙaiƙayi sosai ba, kuma man da aka sha bai ragu ba. Mudu ɗaya kacal idan ya bi kara a kowane buhu, mai buhu 40 ya bar mudu 40 a masussuka.

Illar sakin bel da illar tamke shi

Bel ɗin da ya yi sako-sako yana zamewa a cikin kwarmin fuli. Zamewar na haifar da zafi, zafin kuma na ƙona robar har gefen bel ya yi santsi yana ƙyalli. Daga nan sai zamewar ta ƙaru. Alamominsa su ne ƙara mai tsini lokacin tayar da inji ko lokacin da aka zuba masa kaya, da warin ƙonannar roba, da baƙin gari a ƙarƙashin fuli, da kaɗawar bel yana bugun iska. Masu ƙera bel sun nuna cewa ƙarin zafi na digiri 10 a jikinsa na iya rage kwanansa da rabi. Wannan abin lura ne a yankin Lafiya, inda zafin watannin Fabrairu zuwa Afrilu ya riga ya yi yawa tun kafin a tayar da inji a cikin rumfar kwano.

Domin gudun wannan, masu injina da yawa kan tamke bel har ya zama kamar sanda. Wannan ma kuskure ne, kuma gyaransa ya fi tsada. Bel ɗin da aka tamke fiye da kima yana jan sandar fuli gefe guda dare da rana, sai boris ya yi zafi ya ci, wani lokaci sandar ta lanƙwashe, zaren da ke cikin bel ɗin kuma ya tsintsinke. Idan ka ga inji na yawan cin boris a ɓangaren fuli, fara tuhumar ɗaurin bel kafin ka zargi mai sayar da boris.

Ɗaurin da ya dace shi ne mafi ƙarancin ɗaurin da zai hana bel zamewa a lokacin da inji ke ɗauke da cikakken kaya. Tsakanin saki da tamkewa tazarar ba ta da yawa, shi ya sa ido da ɗan yatsa kaɗai ba su isa ba.

San irin bel ɗinka

Iri uku ne za ka fi cin karo da su. Na farko shi ne bel mai shiga kwarmin fuli, wanda aka fi sani da fambel. John Gates ne ya fito da shi a birnin Denver na Amurka a 1917, kuma shi ne ya fi yawa a injinan gona. Da gefunansa biyu yake kama fuli. A bayansa za ka ga harafi da lamba, kamar A42 ko B56. Harafin na nuna faɗin bayansa: A milimita 13, B milimita 17, C milimita 22. Lambar kuma tsawonsa ne da inci. Na biyu shi ne shimfiɗaɗɗen bel mai faɗi, irin na tsofaffin injinan gyaran shinkafa da na niƙa. Na uku shi ne mai haƙora. Kowanne da yadda ake auna shi.

Yadda ake auna fambel

Kayan da ake bukata su ne rula mai nuna milimita, da tef ɗin awo, da miƙaƙƙen katako ko zare mai ƙarfi, da alli, da ƙaramin sikeli mai ƙugiya irin na masu sayar da kaya. Kafin komai a kashe inji, a cire hannun tayarwa ko makulli, a jira bel ya huce.

1. A auna tazarar bel, wato daga inda ya rabu da fuli na farko zuwa inda ya taɓa na biyu. A sa alamar alli a tsakiya daidai.

2. A lissafa lotsawar da ake so. Ƙa'idar ita ce milimita 16 ga kowace mita ɗaya ta tazara. Tazarar santimita 50 tana bukatar milimita 8, ta santimita 75 milimita 12, ta mita ɗaya milimita 16, ta santimita 125 kuma milimita 20.

3. A ɗora katakon a bayan bel daga fuli zuwa fuli, ko a ja zaren ya miƙe, domin a san inda bel yake kafin a taɓa shi. Idan bel biyu ne ko uku a jere, na kusa da shi ya isa ya zama ma'auni.

4. A saƙala ƙugiyar sikeli a kan alamar allin, a ja bel ɗin zuwa ciki kai tsaye ba a karkace ba, har tazarar da ke tsakaninsa da katakon ta kai milimitocin da aka lissafa. Sai a karanta nauyin da sikeli ya nuna.

5. A gwada da abin da masu ƙera bel suka ƙayyade. Ga bel A a kan ƙaramin fuli mai faɗin santimita 8 zuwa 14, ana so sikeli ya nuna kilo 1 zuwa 1.5. Ga bel B a kan fuli mai santimita 12.5 zuwa 20, kilo 2 zuwa 3. Ga bel C a kan fuli mai santimita 20 zuwa 40, kilo 4 zuwa 6.

Mu koma ga injin sussukar da muka yi misali da shi. A ce bel B ne, ƙaramin fulin santimita 15, tazarar kuma santimita 75. Za a ja bel ɗin har ya lotsa milimita 12. Idan sikeli ya nuna kilo 1, bel ya saki. Idan ya nuna kilo 5, an tamke shi da yawa. Idan ya tsaya tsakanin 2 da 3, sai a bar shi haka.

Wajen gyara, a sassauta notunan gindin inji, a matsar da shi kaɗan, a sake aunawa, sannan a ɗaure. Bayan an ɗaure notuna a ƙara aunawa, domin ɗaurewar kan canza awon. Sabon bel a sa shi a adadi na sama, wato kilo 3 ga bel B, saboda zai miƙe ya zauna cikin kwarmi. Wajibi ne a sake auna shi bayan aikin kwana ɗaya ko biyu. Rashin yin wannan awo na biyu shi ke kashe sababbin bel masu yawa tun suna sababbi.

Idan inji ya zo da littafinsa, abin da littafin ya faɗa shi ne gaba da komai. Alal misali, littafin injinan Perkins da ke cikin taraktocin Massey Ferguson da dama ya ce a danna tsakiyar tazara mafi tsawo ta fambel da ƙarfin kilo 4.5, ya lotsa milimita 10. Wanda ba shi da sikeli a gona yana iya horar da babban ɗan yatsansa: ya riƙa danna sikelin shago yana duba lambar, har hannunsa ya san nauyin kilo 2 da na kilo 4.

Shimfiɗaɗɗen bel

Shi wannan da miƙewarsa ake auna shi. Tun yana sake, a zana layi biyu a bayansa, tsakaninsu santimita 100 cif. Sai a riƙa tamkewa ana juya fuli da hannu, har tazarar layukan ta ƙaru gwargwadon abin da mai ƙera shi ya faɗa. Ga wasu kashi 1 ne cikin 100, wato santimita 101, ga wasu kashi 2. A duba mahaɗinsa kullum, domin daga nan yake fara yagewa.

Bel mai haƙora

An fara amfani da bel mai haƙora a shekarun 1940 a kekunan ɗinki, sannan kamfanin Glas na Jamus ya sa shi a injin motar da ya fitar kasuwa a 1962. Aikinsa a injin mota shi ne haɗa karanshaf da kamshaf, ta yadda duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf zai yi juyi ɗaya, bawul su buɗe su rufe a daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Yawancin taraktoci da injinan gas masu fistin ɗaya da giya suke yin wannan aiki, ba su da irin wannan bel. Amma motocin ɗaukar kaya da yawa, irin su Hilux da Hiace masu tsofaffin injinan gas, da ƙananan motoci irin su Golf da ake loda wa buhuna, suna da shi.

Bambancinsa da fambel babba ne. Fambel idan ya saki yana kuka, ya ba ka lokacin gyara. Mai haƙora ba ya zamewa a hankali. Idan ya saki sai ya tsallake haƙori, inji ya rasa ƙarfi, ya riƙa wahalar tashi yana hayaƙi. Idan ya tsallake da yawa ko ya tsinke, a injina da dama, musamman na gas, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, gyaran kuma sai an sauke kan inji. Idan aka tamke shi da yawa sai ya riƙa wani siririn kuka mai bin saurin inji, yana cin boris ɗin famfon ruwa da na ƙaramin fulin da ke tamke shi.

Wannan aikin ƙwararren bakanike ne, amma ya kamata mai mota ya san abin da zai sa wa ido. A yi aikin inji na sanyi. A daidaita alamomin da ke jikin fulin karanshaf da na kamshaf kafin a cire tsohon bel. Injina da yawa suna da sifirin da ke ba bel ɗaurin da ya dace da kansa: ana sakinsa ya tura ƙaramin fulin, a juya karanshaf da hannu sau biyu cikakku ta inda inji ke juyawa, a tabbatar alamomi sun dawo wurinsu, sannan a ɗaure noti. Kada bakanike ya ƙara tura fulin da ƙarfe wai don bel ya ƙara ƙarfi. Dabarar nan ta murɗa bel da yatsu biyu a ga ko zai juya kwata, wato digiri 90, ana samunta a littattafan wasu tsofaffin injinan fetur na Volkswagen, kuma ba ta dace da kowane inji ba.

Hanyar da masana'antu suka fi amincewa da ita a yau ita ce ta sauti. Duk wanda ya ga mai garaya na gyara tsirkiya ya san cewa gwargwadon tamkewarta, gwargwadon tashin muryarta. Haka bel yake. Ana ɗan bugun tsakiyarsa, na'ura ta ƙirga kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, ta haɗa da nauyin mita ɗaya na bel ɗin da tsawon tazara, ta fitar da ƙarfin ɗaurin. Bel mai nauyin giram 200 a mita, da tazarar santimita 75, idan yana kaɗawa sau 30 a daƙiƙa, ɗaurinsa ya kai kimanin kilo 41. Yanzu akwai manhajojin wayar hannu da ke yin wannan awo, sai dai suna bukatar wuri marar hayaniya.

Komai kyan ɗaurinsa, bel mai haƙora yana da wa'adi. Masu ƙera motoci kan ƙayyade canza shi, yawanci tsakanin kilomita 60,000 da 150,000, ko bayan wasu shekaru ko da ba a kai wannan tafiya ba. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san ranar da aka canza shi ba, ya canza tun kafin kaka. Baƙin mai idan ya zubo masa yana lalata robar, don haka a toshe yoyon kafin a sa sabo. Kada kuma a naɗe shi ko a lanƙwasa shi sosai, domin zaren cikinsa na karyewa ba tare da an gani ba.

Abubuwan da ke ɓata awo

Wani lokaci za a auna daidai amma bel ya ci gaba da zamewa. A duba waɗannan:

Fuli ya cinye. Idan ƙasan kwarmi na ƙyalli, bel ya nutse yana taɓa ƙasa ke nan, gefunansa ba sa kamawa. Ƙurar hunturu da ɓuntun shinkafa suna cin ƙarfe kamar yashi, kuma lokacinsu ɗaya da lokacin aiki. Maganinsa sabon fuli.

Fuli biyu ba su daidaita ba. A ja zare a gefensu. Ya kamata ya taɓa wuri huɗu, biyu a kowane fuli.

An haɗa sabon bel da tsoho. Sabon zai ɗauki kayan shi kaɗai ya mutu da wuri. Idan ɗaya ya lalace a canza su gaba ɗaya, iri ɗaya, lamba ɗaya.

An ɗora bel da ƙarfi. Cusa shi kan fuli da sukundireba ko ƙarfe yana tsinka zaren ciki tun ranar farko. A matso da inji, a ɗora shi da hannu.

An shafa masa wani abu. Zuba ruwa, ko shafa kwalta ko narkakkiyar roba, yana kashe ƙarar na ɗan lokaci ne kawai, sannan ya tara ƙura ya ci robar. A goge bel da fuli da busasshen tsumma.

Bel na ajiya kuma a sa shi a inuwa, wuri mai sanyi, nesa da mai da giris.

Kiyaye lafiya

Bel mai gudu ba ya jiran kowa. Kada a auna, ko a goge, ko a ɗora bel inji na aiki. A mayar da murfin kariya bayan kowane gyara, wanda babu kuma a sa maƙeri ya yi masa na raga. Babbar riga da hannun riga mai faɗi ba kayan aikin inji ba ne. Mata masu kai shinkafa da rogo inji su tattare mayafi da hijabi sosai, su tsaya nesa da ɓangaren fuli, a kuma hana yara wasa a wurin.

Ga malaman gona

Malam, a ziyarar da za ka kai wa ƙungiyoyin manoma da masu injina a watannin Satumba da Oktoba, ka sa rula da tef da ƙaramin sikeli a jakarka. Ka bar mai injin ya fara dannawa da hannu ya faɗi ra'ayinsa, sannan a auna a gaban jama'a, domin abin da ido ya gani ya fi zama a zuciya. Ka taimaka a rubuta abu uku da fenti a jikin kowane inji: lambar bel, da milimitocin lotsawa, da kilon da ake so. Da wannan, ko yaron inji zai iya dubawa ba sai an sake lissafi ba. Ka kuma ba ƙungiya shawarar sayen bel na ajiya tun kafin aiki ya kankama, da duba ɗauri sau ɗaya a mako har kaka ta wuce.

Kammalawa

Malam manomi, ka yi sharar gona, ka sayi iri da taki, ka yi noma wata da watanni. Bai kamata rabon wannan wahala ya zube a masussuka saboda milimita kaɗan ba. Ko injin ba naka ba ne, haya ka ɗauko, kana da ikon cewa a duba bel kafin a fara zuba kayanka, ka kuma riƙa duba karan da ke fita ko akwai sauran ƙwaya a jikinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko ofishin Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Nasarawa da ke Lafiya. Allah ya ba mu kaka mai albarka.